Gwaggo da Maraƙin Sadaka

Daga Allah muka zo, wurinSa kuma za mu koma. Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu ana tsakiyar cirar auduga, lokacin da kowa a nan Jazira, ƙasar noman rani da ke kan hanyar Makka, ke cin abinci a tsaye. Ta yi tatsar safe kamar kullum, ta tafasa madarar ta rufe da faifai, ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta ta ce kanta ya yi nauyi. Kafin a kira azahar ta cika. Ni labarin ya iske ni a Hajj Abdalla, inda nake aure. Na hau lorin da ke kwasar masu aikin gona, na iso ƙauyenmu an riga an dawo daga maƙabarta.

Mutane sun zo, ba laifi. Mata suka baro hawasha, wato gonakin da hukumar noman rani ta raba wa mazajensu, suka shigo da farin auduga maƙale a bakin zane. Larabawan da ke hayin tur'a, babbar magudanar ruwan da ta raba ƙauyenmu da nasu, suka ƙetaro a jere, kowa ya ɗaga hannu ya ce, "Al-Fatiha." Akwai wata tsohuwarsu da ta yi shekaru tana kawo wa Gwaggo harawa tana karɓar man shanu. Ta zube tsakar gida ta yi kuka har muryarta ta dishe, sannan ta share fuska ta tambaya ko an ba saniya ruwa. Liman ya ce an rasa wadda ta san hanyar da iyayenmu suka biyo. Wata maƙwabciya ta matso kusa da kunnena ta ce, "Allah shi jiƙanta, amma dai ta yi baki." Na ce amin, don duk biyun gaskiya ne.

Ni ban yi kuka ba a ranar. Ba taurin zuciya ba ne, tukunya aka miƙo mini tun ban ajiye mayafi ba.

A cikin duk masu makoki, wanda ya fi kowa asara bai san an yi ba. Jikanta ne, jinjiri ɗan wata huɗu, wanda autanta ya haifa. Uwarsa ta yi zazzaɓi mai tsanani bayan haihuwa, ta tashi, amma ruwan nono ya ƙafe. An gwada madarar gwangwani daga kasuwa, ya amayar. An gwada ta akuya, cikinsa ya tsinke. Mace mai goyo ɗaya ce ta rage a unguwar, ita ma tagwaye take fama da su. Madarar saniyar Gwaggo kaɗai ta zauna masa, a tafasa a sirka da ruwa a ba shi da ƙaramin cokali. Kuma a wannan lokaci na shekara babu wata saniya a ƙauyen, don ana shuka auduga ake tura dabbobi can gabashin kogi wurin makiyaya, kada su shiga gonar hukuma. Ta Gwaggo ce kawai ke zama gida, saboda ita ke yanko mata ciyawa a bakin tur'a da hannunta.

Auta, uban yaron, yana aikin lebura a Rusairis inda ake gina madatsar ruwa. Saƙo bai kai masa da wuri ba. Ya iso jajibirin sadakar uku, ƙura har gira, bai ga gawar uwarsa ba, bai zuba mata ƙasa ba. Ya zauna a rumfar maza, ya ga ana fito wa baƙi da kisra, wainar dawa ta ƙasar nan, da miyar kuɓewa wadda ko ƙashi babu a ciki. Na ga fuskarsa ta wajen zana, na san abin ya ci shi. Washegari tun rana ba ta fito ba, ana gama tatsar asuba, ya kira samari, suka kwance maraƙin saniyar daga turke, suka kai shi bayan masallaci suka yanka. Maraƙi ne da ya kusa shekara, ya yi jiki. Baƙi suka ci nama, suka sa wa Auta albarka, suka ce ɗa ya fitar da uwarsa kunya. Ni ma na ci, kuma ya yi daɗi.

Da yamma matar Auta ta ɗauki ƙwarya ta tsuguna ƙarƙashin saniyar. Ta ja, ta ja, ko ɗigo. Hantsa cike take fal, amma saniyar ta riƙe abinta, tana waige-waige tana kuka wajen turken da babu kowa. Matar Auta ta ɗago kai ta dube ni. A nan ne abin ya faɗo mini, kuma ina jin ita ma a nan ne ya faɗo mata.

Abin haushin shi ne duk mun sani. Babu ɗan ƙauyen nan da bai gani da idonsa ba, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Gidan Gwaggo shi ne gidan farko a ƙauyen. Ɗakin ƙasa ne mai jinka, kakanmu ya gina shi da suka gaji da tafiya suka ce nan za su ɗan huta kafin su ƙarasa Makka, hutun da har yau ba a gama ba. Kowa ya rushe irin nasa ya yi mai kusurwa huɗu da rufin kwano. Gwaggo ta ce ita ba tukunya ba ce da za a dafa ta da ranta. Duk shekara sai ta sa an sake jinka, ta yi wa bango yaɓe da kanta. A cikin ɗakin akwai ƙorai jere a kan ragaya, manya da ƙanana, baƙaƙe wuluk saboda hayaƙi, da gorar kaɗa nono, da tandun mai na fata, da ludaya a soke a jikin jinka. Ta ce wasu daga cikinsu na uwarta ne, a ka aka ɗauko su daga ƙasar Sakkwato tana yarinya, shekarar da Turawa suka shiga.

Duk shekara, in an gama auduga an tuge itatuwanta an ƙone, kafin ruwa ya sauka, sai ta sa ranar da muke kira ranar ƙwarya. Kowane gida ya zo da yaransa. Har waɗanda suka koma sababbin gonaki wajen Managil sukan cika lori su zo. Tun sati guda kafin nan take tara madara, ta aika a sayo mata gero daga wajen Rusairis, don ta ce furar dawa abincin marar lafiya ce. A ranar babu shayi, babu kwanon tasa, babu Larabci a tsakar gidan. Yaro ya ce mata "Haboba" sai ta yi kamar ba ta ji ba, sai ya ce "Kaka." Wanda bakinsa ya suɓuce ya ce "laban" a maimakon madara, ya koma ƙarshen layi.

Takan zauna a kan turmi a kife, mu kewaye ta. Ta nuna yadda ake turara ƙwarya a kan garwashi kafin a zuba madara. Ta nuna yadda ake ɗiga ɗan tsohon nono a cikin sabo a rufe, ya kwana ya zama kindirmo. Ta ɗura a gora ta toshe baki, ta miƙa wa yara su yi ta kaɗawa hannu zuwa hannu, har mai ya tattaru, ta tsame shi ta jefa cikin ruwan sanyi. Tana yi tana faɗin yadda uwarta ke yi can gida, da yadda kakarta ke kai wa malamai nono zamanin da ba a san Bature ba. "Can gida" take cewa kullum, ita da ta bar wurin ba ta fi shekara goma sha ba, ba ta kuma sake ganinsa ba.

Kafin duk wannan kuwa, tatsa ake fara yi. Sai ta kwance maraƙi, ya sheƙo a guje ya kama nonon uwar, ya yi ta tunkuri yana kaɗa wutsiya, yara na dariya. In ta ga kumfa a bakinsa sai ta janye shi, ta ɗaure a ƙafar uwar ta gaba. Uwar na lasarsa, ita tana tatsa. Ta sha faɗa a gabanmu:

"Ku duba da kyau. Ba ni taka ba wa ba, ɗanta taka ba. Ni sata nika yi."

Mu kuwa dariya muke yi. Mun ɗauka yana cikin wasan, kamar kaɗa gora. Idonmu na kan furar da za a dama. Auta ya fi kowa ganin wannan tatsar, a gidan ya tashi, amma tun yana saurayi ya shiga aikin hawasha, daga nan ya tafi madatsa, kuma uwarsa ba ta taɓa barin namiji ya matsa kusa da turke ba.

"Mutanen auduga!" Zaginta ke nan, ba ta da wanda ya fi shi. In ka zubar da ruwa, mutumin auduga ne kai. In ka gaishe ta a tsaye, haka. Ta ce mu mun san lokacin da mai gadin ruwa zai buɗe tur'a, mun san ranar da jirgi zai zo feshi, amma a ba mu akuya ɗaya sai ta mutu da ƙishi a bakin kogi. Ba ta shiga hawasha ko sau ɗaya ba. Da mijinta ya rasu aka ce ta riƙe gonarsa, ta ce a ba yaro, ita ba ta noman abin da ba a ci.

Ita da Baba, ƙanenta, ba su taɓa shiri a kan ranar ƙwarya ba. Bai taɓa zuwa ba. Ranar sai ya ɗauki jakinsa ya ce yana da aiki a Hajj Abdalla, ko kasuwa na ci ko ba ta ci. Mu 'ya'yansa bai hana mu ba, amma in mun dawo muna ba da labari sai ya tashi ya bar wurin. Faɗansu mafi girma a kan asalin saniyar ne. Gwaggo na gaya wa yara cewa jinin saniyar da iyayensu suka koro daga yamma ce, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika, har zuwa wannan. Wata rana aka kawo wa Baba maganar yana alwala. Ya ajiye buta, ya taka har ƙofar gidanta.

"Yaya, ki ji tsoron Allah. Kakar wagga saniya ni nij jawo ta da igiya daga kasuwas Sinnar. Wurin Larabawan Kinana munka saye ta."

"Kai kaj jawo igiya. Mi kas sani cikin jini?"

"Waccan ta hanya ta mutu tun ba mu ga kogi ba."

"To ka sani, mi kaka tambaya? Tahi ka ƙare alwallakka."

Suka yi wata biyu ba sa gaisawa. Amma kullum da safe ƙaramar ƙwarya na isowa gidanmu da kindirmo a rufe, Baba ya shanye bai tambayi daga inda ta fito ba, a mayar da ƙwaryar. Ni ce mai kaiwa da kawowa a lokacin, na kuma ji ta da kunnena shekarar da ta biyo tana gaya wa yara labarin jinin saniyar, ba ta rage ko kalma ba.

Matar Auta ta sha nata rabon. 'Yar Rusairis ce, Bahaushiya uwa da uba, amma Larabci ya fi zama a bakinta. Satinta na farko a gidan, don ta nuna ita mai tsabta ce, ta sauke ƙoran ragaya duka ta wanke su da sabulu, ta goge baƙin hayaƙin da ya fi ta shekaru, ta kife su a rana suna walƙiya. Gwaggo ta dawo daga yankan ciyawa ta gani. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi. Ta ajiye damin, ta ɗauki ƙwarya ɗaya ta sansana, ta ce:

"Wa ad da gawa gidan ga, da anka yi wanka?"

Nonon da aka zuba cikinsu ya yi kwana da kwanaki yana tsinkewa yana warin sabulu. Gwaggo ta shata wa yarinyar iyaka: daga murhu zuwa rijiya nata ne, daga ragaya zuwa turke ko inuwarta kada ta faɗa. Shekara uku haka. In za ta ambace ta sai ta ce "mai sabulu."

Amma da yarinyar ta haihu nono ya ƙafe, mata suka fara magana ƙasa-ƙasa, wata ta ce baki ne, wata ta ce ai 'yan birni haka suke, jikinsu ba ya riƙe komai. Maganar ta kai kunnen Gwaggo a gidan suna. Ta miƙe a tsakiyar taro ta ce duk wadda ta san ita ta halicci nonon ƙirjinta ta ɗaga hannu. Ba wadda ta ɗaga. Ta koma gida ta kwashe kayan yarinyar ta mayar da ita tsohon ɗakin, kusa da gadonta. Da yarinyar ta ɗan ji ƙarfi, Gwaggo ta kama hannunta ta kai ta turke, ta tsugunar da ita, ta ɗora yatsunta a kan nata. A iya sanina ita ce mutum ta farko da Gwaggo ta bari ta tatsi saniyar nan. Yarinyar ta gaya mini daga baya cewa ko a lokacin ba ta fasa ce mata mai sabulu ba.

Shi ya sa kwanaki biyun farko na makoki ba a rasa madara ba. Matar Auta na sakin maraƙi, tana tatsa, yaro na sha. Sai ranar sadaka.

Washegari da safe aka sake gwadawa. Aka ba saniyar dusa da gishiri, ta ci, ta riƙe nononta. Aka shafa mata ruwan ɗumi, ta yi harbi ta kifar da ƙwarya. Wata ta ce a sa zanen Gwaggo a tsuguna, aka sa, saniyar ta sansana ta kau da kai. Samari suka ɗaure mata ƙafafu suka danne ta, Auta da kansa ya matsa hantsar da ƙarfin lebura, abin da ya fito bai cika cokali biyu ba, shi ma da jini-jini. Aka aika hayin tur'a, tsohuwar nan ta ce nasu shanun ma suna gabashin kogi, tafiyar da ba za a je a dawo a yini ɗaya ba.

Yaron kuwa ruwan sukari muke ɗiga masa. Jiya da yamma kukansa na cika gida. Yau da hantsi kukan ya koma kamar na ɗan kyanwa, maɗigarsa ta faɗa. Uwarsa na zaune a ƙasa da shi a cinya. Auta na tsaye bayan ɗaki ya jingina goshi da bango. Ban ji tausayinsa ba a lokacin, gaskiya, haushinsa nake ji, da na kaina ni da na ci naman.

Baba na rumfar maza yana sallamar sauran baƙi. Ya ji an yanka maraƙi ne bayan nama ya shiga tukunya, kuma ba a tsawata wa mai makoki a gaban mutane. Halin da yaron ke ciki kuma babu wanda ya gaya masa, maganar cikin gida ce. Na yafa mayafi na fita, abin da mace ba ta yi, na durƙusa a bakin tabarmarsa.

"Baba, saniya ta hana. Yaro bai sha komi ba tun jiya da sahe."

Ya dube ni. Ya dubi ƙasa. Sannan ya ce:

"Ina hwatar?"

"Wace fata, Baba?"

"Ta maraƙin. Wa anka ba?"

Liman aka ba, kamar yadda aka saba. Baba ya tashi ko takalmi bai tsaya nema ba, na bi shi a baya. Muka iske fatar an shanya ta bayan masallaci, an kafe gefunanta da tsinke. Liman ya ce ya yi niyyar a jeme masa ita ya riƙa salla a kai, amma da ya ji dalili ya tsuguna da kansa yana cire tsinkayen. Ya tambaya ko a ɗauraye ta, don ƙuda ya fara bi. Baba ya ce kada ruwa ya taɓa ta.

A tsakar gidan Gwaggo ya zauna, gidan da rabonsa da zama a ciki tun ban yi wayo ba. Ya sa aka kawo basilla da igiyar kaba, da ƙaiƙayi, da busasshiyar ciyawar da Gwaggo ta tara, da sanduna huɗu. Ya kira Auta ya ce ya riƙe masa nan. Bai yi masa faɗa ba, bai ma dube shi ba. Ya ɗinke cikin, ya yi ta cusa ciyawa yana dannawa da dunƙulen hannu, ya zura sandunan a ƙafafu. Sau biyu yana warware ɗinkin ya sake. Kai babu, an riga an dafa, sai ya tattara fatar wuya ya ɗaure ta kamar bakin buhu. Mata suka tsaya daga nesa suna kallo. Wata ta ce wannan ai ko makaho ba zai ruɗu ba.

"Ba da ido taka gane shi ba," in ji Baba.

Abin ba kyan gani. Ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, ba ya tsayuwa sai an riƙe. Baba ya jiƙa gishiri a tafin hannu ya shafa a gadon bayan. La'asar ta yi sanyi ya ce wa Auta ya ɗauka.

"Ta bayanta za ka biyo, inda shika biyowa. Ka tunkuri hantsar da wuyan, da ƙarhi, kamar mai jin yunwa. Sannan ka kawo shi gabanta. Kak ka yi magana."

Auta ya rungumi fatar maraƙin da ya yanka, ya sunkuya, ya yi yadda aka ce. Ya tunkura, ya sake tunkura. Saniyar ta daina kuka, ta juyo da kai. Ya zagayo da shi gabanta ya durƙusa yana riƙe da shi ta ƙasa. Ta miƙo hanci, ta yi huci, ta ja baya har igiya ta miƙe. Ta sake matsowa, ta bi bayan da hanci tun daga wuya har wutsiya. Sannan ta zaro harshe ta lasa. Ta sake lasa, har tana haɗawa da hannun Auta.

Baba ya yi wa matar Auta alama da haɓa. Ta miƙo mini yaron, ta ɗauki ƙwarya ta tsuguna. Ja na farko babu komai. Na biyu ma. Can sai muka ji ƙarar madara a gindin ƙwarya, siririya, sannan ta yi kauri. Ba ta kai rabin ta kullum ba, amma ta isa. Aka tafasa, aka sirka, aka fifita. Cokalin farko ya dawo ta gefen baki. Na biyu ya haɗiye.

Auta bai koma Rusairis ba. Safe da yamma yana durƙushe gaban saniyar da wannan abu a hannu, yana wari, gashin na zubewa, yara na leƙe ta zana suna dariya, har yaron ya fara karɓar kunu. Aikin madatsa aka ba wani. Yanzu da nake wannan rubutu yaron na tafiya yana kama bango.

A yammacin nan dai, da aka ga yaro ya sha ya yi barci, na ɗebo ruwa a buta na kai wa Baba. Yana zaune a bakin ƙofar tsohon ɗakin, hannunsa duk maiƙo da ƙaiƙayi. Ina zuba masa na tambaye shi inda ya koyi wannan, don ban taɓa ganin Gwaggo ta nuna shi a ranar ƙwarya ba.

"Ba ta nuna wa. Ita abin daɗi taka nuna muku."

Ya ci gaba da murza hannu.

"Kan hanya, wajen Wadai ne. Maraƙi yam mutu, saniya ta hana. Inna na kwance ba ta ko ɗaga kai, ni ma ina kwance, ba ni iya haɗiye komi sai madara. Babu basilla. Da ƙaya Yaya tah huda, da zaren zanenta taɗ ɗinke. Tana kuka tana cusa ganye. Ita ka riƙe shi, ita ka tatsa, ita ka ba ni. Ba ta kai ki tsawo ba sadda kika kai mata ƙwarya."

Na ce ban taɓa jin wannan ba.

"Ba ta taɓa hwaɗi ba. Ko randa munka yi hwaɗa, ina jira ta hwaɗi, ba ta hwaɗi ba."

Ya karɓi butar daga hannuna ya ce in shiga ciki, zai yi alwala. Na shiga. Aka kira magariba, aka idar, bai tashi daga wurin ba.

Allah Ya shayar da Gwaggo, kamar yadda ta shayar.